Totuwa Ashirin a Jakar Mutari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka sauka Damagaram lafiya, kai da kayanka. Allah Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da masu yaba maka aiki alhali ka ɓata shi. Innarka tana gaishe ka. Ita ta sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a jaka. Takardar nan kuwa, da ƙullin baƙar ledar da ke ƙarƙashinta, ni na sa, kuma ba ta sani ba.

Ba zan ba ka labarin gidan da ka baro da safe ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, shi zan faɗa. Ranar Laraba, da ka fesa wa jantocin ƙarfe na tayoyin motar malamin lakol ɗin nan, mai koyar da boko, fentin roba, ka cire ƙafafun huɗu, ka jera su a kan kwali, ka fesa, ba ka toshe ramukan noti ba. Ina zaune a kan benci ina kallonka. Da ka tafi gida cin abinci, na ɗauki tsinke da tsumma na kankare ramukan nan ashirin ɗaya bayan ɗaya. Karo na uku ke nan ina bin bayanka haka ba ka sani ba. Alhajin da ya ɗauke ka aiki ya ce kai kaɗai zai sakar wa aikin roba a garaj ɗinsa, tunda babu wanda ya iya shi a can. Ka ji daɗin maganar, ni kuwa ban ji ba, don a Damagaram babu mai bin bayanka da tsinke. Tsorona kada ka kashe wani ko ka nakasa shi da sana'ar da ni na koya maka.

Na san abin da za ka ce: "Baba da totuwarsa!" Na ji ka kana faɗa wa abokanka kuna dariya, wai a wayarka ka ga masu aikin na ƙasashen duniya, ba ka taɓa ganin wanda ya cusa totuwar masara a janti ba. Zan zo kan totuwar. Amma hannuna bai yarda ya fara da ita ba, bari in fara da ƙananan ɓarnar da na yi, ko zan samu ƙarfin hali.

Lokacin da wani direba ya fara kawo mini gwangwanayen robar nan daga Kano, na yi shekara ashirin ina fentin mota a Matameye, kaina kuma ya yi girma. Ya ce mini wannan fenti ne da ake ɓarewa kamar ɓawon rogo idan an gaji da shi. Ban tambaye shi yadda ake yi ba, don me fenti zai koya mini? Mutum na farko da ya gwada ni wani saurayi ne da ya aro motar yayansa zai yi hidimar bikin abokinsa. Yana so jantoci su yi baƙi wuluk na mako guda, a ɓare kafin ya mayar. Na fesa sau biyu kamar yadda na saba, ya yi kyau, ya tafi yana washe baki. Rana ta shida ya dawo a ɓare. Mutari, robar nan ta ƙi. Sai ka tsinko ɗan guntu kamar farce ya katse. Tun hantsi muke tsinka har la'asar ba mu gama ƙafa ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na ɗauko tina, ruwan narkar da fenti, na kwarara, robar ta narke, ta tafi da ƙyallin jantin gaba ɗaya. Muna cikin haka mai motar ya iso. Bai ko kalli ƙaninsa ba, ni ya kalla ya ce, "Malam Lawali, har da kai?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Don haka kada ka yi ƙasa da shafi biyar. Na farko ya zama kamar raɓa, kana hango ƙarfen ta cikinsa. Ka bar taƙi ɗaya tsakanin gwangwani da janti, hannunka yana tafiya, kada ya tsaya wuri ɗaya. Tsakanin shafi da shafi ka zauna ka sha shayi, ko mai motar yana buga ƙafa. Kaurin ne yake sa ta ɓaru, mai rowar feshi kuwa shi zai kwana biyu yana tsinka. Kuma duk wanda ya kawo mota, ka tambaye shi ta wace ce. In ya fara sosa ƙeya, ka ce ya zo da mai ita. A birni samari masu motar aro sun fi na nan yawa, kuma sun iya baki.

Wata rana kuma cikin bazara na yi feshi da tsakar rana a fili, don inuwar bishiyar bedin nan tamu wata babbar mota ta tare ta. Robar ta bushe a iska kafin ta sauka, jantin ya fito da kaushi, in ka shafa sai ka ce harshen kyanwa. Da na ga haka sai na koma yi a cikin ɗakin ajiya, na rufe ƙofa don kada iska ta dame ni. Tarin da kake ji ina yi da asuba, wanda innarka take ɗora wa goro laifinsa, daga ɗakin nan na samo shi. Ka nemi inuwa mai iska, ka ɗaure hancinka ko za su yi maka dariya. Ka wanke janti da sabulu sau biyu, ka bar shi ya bushe ƙayau, musamman in masu wankin mota sun shafa wa taya man nan mai sa ƙyalli, don roba ba ta zama a kansa. In kuma ba ka cire ƙafar ba, ka tura leda ta baya ka rufe birki ruf. Na san ka san wannan. Ina maimaitawa ne don na san saurinka, irin nawa ne.

Sai maganar tambari. Ka tuna Hajiyar nan mai sayar da atamfa, wadda take ba ka alewa kana ƙarami? Ta kawo farar motarta tana so a baƙanta tambarin baya da rubutun da ke gefensa. Na fesa, ya bushe, sai na ga kamar ba zai yanke daidai ba, na zaro reza na bi gefen kowane harafi. Da na ɗaga robar, ga zane nan siriri a jikin farin fenti ya kewaye tambarin. Hajiya ta sunkuya ta duba, ta gyara mayafi ta ce, "Yo Malam Lawali, tambari na ce ka baƙanta, ban ce ka yi wa motar tsagar gado ba." Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ba ta sake kawo mini mota ba, ƙawayenta ma haka.

Tambari ba ya son reza. Ka kewaye shi da salatif, ka bar faɗin yatsa biyu, ka fesa da kauri a kan tambarin da filin duka. In ya bushe ka ɗaga kusurwa ɗaya ka ja a hankali, za ka ga robar tana yanke kanta a gindin harafin. Abin da ya maƙale a cikin haruffa, tsinken sakace ya ishe shi. Na ga rezar da kake ɓoyewa a bayan rigar wayarka. Ka jefar da ita.

Ka lura da abin da robar nan take yi wa mai sana'a. Da fenti nake yi, ina tsoron kowane shafi, don in ya zauna ya zauna. Da roba ta zo sai bakina ya saba da cewa, "Ba komai, in bai yi ba a ɓare." Na faɗa wa masu mota, na faɗa wa kaina, har na daina jin tsoro. A cikin wannan halin Kawunka Isuhu ya kawo mini motarsa.

Kai ka san Kawu Isuhu da ɗingishi da sanda, yana zaune a rumfarsa ta kasuwa yana auna gyaɗa. Kana da shekara goma sha uku lokacin, ban san ko kana tuna shi kafin nan ba. Ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana Tsauni, gobe yana Dawce, yana sayen gyaɗa da rake, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Shekarar ya sayi 'yar motarsa ta farko mai jantocin alminiyam, ya tuƙo ta har gaban garaj yana danna oda. Ka san ƙanin mata abokin wasa ne, bai taɓa raga mini ba. Ya leƙo ya ce, "Yaya mai gwangwani, fito ka yi wa amaryata lalle. Baƙi nake so, wanda in na shiga Dawce sai an tashi tsaye."

Na so in burge shi. Na cire ƙafafun duka don aikin ya fita tsaf, na yi shafi shida, na bi kowane lungu, har cikin ramukan da noti yake zama. Ina ganin kyau ne kada a hango farin ƙarfe ko kaɗan. Na mayar da ƙafafun, na ɗaure notocin da kile har na hau kansa da ƙafata. Abin da ban yi tunani ba shi ne noti a kan roba ya zauna, bai taɓa ƙarfe ba. Roba kuwa in ta sha zafin birki da girgizar hanya sai ta lotse ta murƙushe, noti ya samu wuri ya fara juyawa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, aka aiko mini cewa motar Isuhu ta faɗi a hanyar Dawce. Ƙafar gaba ta hagu ce ta fita yana cikin gudu, motar ta wuntsila cikin kwazazzabo. Kafin in isa an ɗauke shi zuwa likita. Mutane suna kewaye da motar, ni kuwa na bi sawu na samo ƙafar da ta fita, can cikin wata gona. Na durƙusa na duba ramukan. Robar ta dagargaje a ciki, ta zama baƙin gari da 'yan zare-zare. A nan take na gane. Na waiga, babu mai kallona. Na sa farce na ɓare abin da ya rage a ramukan biyar, na hure garin, na goge da bakin rigata. Da aka jawo motar garaj ɗina, na kankare na sauran ƙafafun uku kafin kowa ya duba. Biyu daga cikinsu da yatsa na kwance notocin.

Aka yi ta neman dalili. Sai wani ya tuna Isuhu ya tsaya wurin mai facin bakin tasha kwana ɗaya kafin hatsarin. Magana ta bazu cewa shi ne bai ɗaure da kyau ba. Na san tayar baya ya yi wa faci, bai taɓa ta gaba ba. Na yi shiru. Direbobi suka guje shi, kafin damina ya kwashe kayansa ya koma wajen Yauri. Kawunka ya yi wata biyar a kwance, ƙafar ta karye wuri biyu, ba ta sake miƙewa ba. Ni nake kai masa abincin da innarka ta dafa. Yana cewa, "Yaya, Allah Ya bar zumunci," ni kuwa ina kallon ƙasa.

Tun daga ranar nake fere totuwa. Na gwada tsumma, yana shan feshi. Na gwada takarda, iska tana ɗauke ta. Totuwar masara ce na ga tana da tsini a kai da faɗi a gindi, daidai da bakin ramin, in ka ɗan fere ta sai ta zauna daram. Shekara tara ina sa ka kana cusa ta, ban taɓa gaya maka dalili ba, don dalilin yana zuwa gidanmu kowace Juma'a ya ci tuwo. Laifina ne da ka ɗauke ta tsohon yayi. Mutum ba ya riƙe abin da ba a gaya masa amfaninsa ba.

Da na gama kankare ramukan malamin lakol ranar Laraba, na ga babu yadda zan rubuta maka wannan alhali mai ƙafar bai ji ba. Jiya Alhamis bayan azahar na tafi rumfarsa. Totuwar da nake fere maka tana aljihuna, da 'yar wuƙata. Yana ganina ya ce, "A'a, mai gwangwani da kansa! Yau gyaɗa za a yi wa fenti?" Ya matsa mini a kan tabarma. Na zauna, na ciro totuwa ina juyawa a hannu don in samu abin kallo, na gaya masa duka, har da farcen da na sa a gona.

Bai katse ni ba. Wata mata ta zo sayen gyaɗa, ya ce mata ta dawo an jima. Da na gama ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi totuwar da wuƙar, ya fara ferewa. Yana cire mata nama fiye da kima.

Ya ce, "Mai facin nan, har gidansa na aika aka zage shi. Ka sani?"

Na ce na sani.

"Yana nan da rai a Yauri. Ranar kasuwa ka je ka same shi."

Na ce in sha Allahu zan je.

"Yaya Hajara ta sani?" Innarka yake nufi. Na ce ba ta sani ba tukuna.

Ya ci gaba da ferewa. Can ya ce, "Me ya sa sai yau?" Na gaya masa abin da na gani ranar Laraba, da tafiyarka. Ya ɗago kai, karon farko tun da na fara magana, idonsa ya yi ja. Ya miƙo mini totuwar ya ce, "Ka ba Mutari wannan. Ka ce in kunyar 'yan birni ta hana shi sawa, ya tuna yadda nake hawa matakalar masallaci." Da na tashi zan tafi ya ce, "Sauka lafiya, Malam Lawali." Tun da na auri yayarsa bai taɓa kirana da wannan suna ba.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga ina da bakin roƙo a ranar ba. Yau Juma'a bai zo cin tuwo ba. Innarka ta ajiye masa kwanonsa har la'asar, ta aika a duba ko lafiya, aka ce yana gida. Ta tambaye ni ko na san abin da ya faru, na ce ta bari ka tafi tukuna. Gobe in motarku ta tashi zan zaunar da ita in gaya mata. Ban san yadda gidan zai kasance bayan nan ba. Wannan nawa ne, kada ka ɗauke shi a kanka, kada kuma ka kira Kawunka kana ba shi haƙuri a madadina.

Naka shi ne wannan, kuma ina roƙonka ka karanta shi sau biyu. Duk ƙafar da ka cire, ka toshe ramukan noti kafin ka girgiza gwangwani. Ka rufe bayan jantin, wurin da yake haɗuwa da jikin mota, kada ɗigo ɗaya ya sauka a can. In ka gama, ka cire totuwar, ka sa yatsa a kowane rami, sai ka ji sanyin ƙarfe tsirara. Wajen ɗauri ka tsallake ɗaya ka ɗaure ɗaya, ka zagaya sau biyu. Ka ce wa mai motar ya dawo washegari ka sake bi da kile, in bai dawo ba ka kira shi, in bai ɗauka ba ka bi shi gida. Za a ce ka cika naci. Alhaji ma wata rana zai tsaya a kanka ya ce mai mota yana sauri, ka bar wannan wasan totuwar. Ka ba shi girmansa, ka ce masa haka aka koya maka, kada ka ɗaga hannu daga aikin. In ya matsa, ka kira ni in yi masa bayani da bakina, yanzu na iya faɗa.

Ba na jin tsoron hannunka, ya fi nawa kyau, ko da yake ban taɓa gaya maka ba. Shafinka yana kwanciya sumul yadda nawa bai taɓa yi ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a yabe ka a gaban mutane, mota ta yi kyau, kowa yana ɗaukar hoto, kai kuma ka ga ramuka ashirin ba su kai a ɓata lokaci a kansu ba. Ni ma ranar Isuhu yabona ake yi.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare duk wanda zai hau motar da ka taɓa, da wanda zai tsaya a bakin hanya in ta wuce. Allah Ya ba ka haƙurin jiran shafi ya bushe, Ya sa ka ci halal, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka riƙa kiran innarka, za ta buƙaci jin muryarka kwanakin nan.

Yanzu ka kwance ƙullin ledar. Totuwa ashirin ce, biyar ga kowace ƙafa. Goma sha tara ni na fere. Za ka ga ɗaya ta fi sauran siranta, ta karkace, da ƙyar za ta toshe rami sai ka naɗa mata salatif. Ita ce ta Kawunka. Da ita za ka fara.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Lawali mai fenti,
Matameye.